Bluey Wilkinson: Ɗan tseren babur da lissafin maki ya hana shi kambun duniya, ya dawo ya ba shi

A daren 10 ga watan Satumban 1936, mutane kimanin dubu 74 suka cika filin wasa na Wembley da ke birnin Landan domin ganin wanda zai zama zakaran duniya na farko a tseren babur da ake kira sipidwe. Ƴan tsere 16 ne suka fito a wannan dare, kuma a cikinsu mutum ɗaya ne kawai babu wanda ya iya kayar da shi. Sau biyar ya hau babur ɗinsa, sau biyar ya riga kowa tsallake layi. Ya doke wanda aka naɗa zakara, ya doke wanda ya zo na biyu. Amma da alƙalai suka gama lissafi, matsayi na uku aka ba shi.

Sunan wannan mutum Arthur George Wilkinson, ɗan ƙasar Ostareliya, wanda duniya ta fi sani da Bluey Wilkinson. Babu wanda ya yi masa maguɗi a daren. Dokar gasar ce ta tanadi haka, kuma kowa ya san da ita tun kafin a fara. Shekara biyu bayan nan ya dawo wannan fili da rauni a kafaɗa, bai ci dukkan karonsa ba, amma ya tafi gida da kambun, kuma dokar da ta hana shi a farko ita ce ta ba shi.

Wilkinson bai yi tsawon rai ba, domin ya mutu yana da shekara 28. Sai dai har yau, duk lokacin da masu sha'awar wannan wasa suka shiga gardama a kan yadda ya kamata a ƙirga maki, sunansa ne ke fara fitowa.

Yadda ake tseren da yadda ake ƙirga maki

Sipidwe tsere ne da ake yi a kan wata gajeriyar hanya mai siffar ƙwai, wadda yawanci ake kewaye filin wasa da ita. Tsawonta bai cika wuce mita 400 ba. Ba kwalta ba ce. A zamanin Wilkinson, a Ingila, burbushin ƙonannen kwal ake shimfiɗawa, shi ya sa ƴan tsere ke gama wasa fuskokinsu baƙi ƙirin. Daga baya aka koma amfani da niƙaƙƙen dutse.

Babur ɗin, wato moto, yana da inji mai ƙarfin cc 500, kuma ba shi da birki ko kaɗan. Idan ɗan tsere ya iso kwana, maimakon ya rage gudu sai ya karkatar da babur ɗin, tayar baya ta riƙa zamewa gefe tana watsa ƙasa, shi kuma yana tokarawa da ƙafar hagu. Duk kwanonin na hagu ne. Wanda ya iya wannan zamiya ba tare da ya faɗi ko ya rasa gudu ba, shi ne gwani.

Mutum huɗu ne ke fita a kowane karo. Suna jeruwa a bayan wasu igiyoyi da aka gitta a kan hanya, idan alƙali ya ɗaga igiyoyin sai su tashi. Zagaye huɗu suke yi, kuma duka-duka abin bai fi minti ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi ba. Wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 3, na biyu maki 2, na uku maki 1, na ƙarshe kuma ba ya samun komai.

A babbar gasa ta mutum 16, ana yin karo 20. An tsara jadawalin ta yadda kowane ɗan tsere zai fita sau biyar, kuma zai haɗu da kowane ɗaya daga cikin sauran 15 sau ɗaya tak. Ke nan mafi yawan abin da mutum zai iya tarawa a dare guda shi ne maki 15, kuma wanda ya tara su ya doke duk wanda ya zo filin, ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsari ne ya sa lissafin sipidwe ke da sauƙin bi. Ƴan kallo kan sayi takardar jadawali a ƙofa, su riƙa cika makin da kansu bayan kowane karo, ta yadda kafin a sanar da sakamako sun riga sun san inda aka kwana.

A gasar ƙungiyoyi kuwa, kowace ƙungiya na fito da mutum biyu a karo, sai a haɗa makinsu. Idan abokan ƙungiya ɗaya suka zo na ɗaya da na biyu, sakamakon karon 5 da 1 ke nan. Idan suka zo na ɗaya da na uku, 4 da 2. Idan kuma suka zo na ɗaya da na ƙarshe, an yi kunnen doki 3 da 3.

Yaron mahauci daga Bathurst

An haifi Wilkinson a ranar 27 ga watan Agustan 1911 a ƙaramin garin Millthorpe da ke jihar New South Wales a Ostareliya. Yana ƙaramin yaro iyayensa suka koma garin Bathurst da ke kusa, kuma a can ya tashi. Jan gashi gare shi, kuma a al'adar barkwancin mutanen Ostareliya, mai jan gashi shi ake yi wa laƙabi da Bluey, kalmar da asalinta ke nufin shuɗi. Laƙabin ya bi shi har ya danne sunansa na yanka.

A lokacin da yake tasowa, shi ma wasan tasowa yake yi. Masu tarihin sipidwe da yawa suna danganta farkonsa da wani taro da aka yi a watan Disamban 1923 a filin baje kolin amfanin gona na West Maitland, a wannan jiha ta New South Wales, a ƙarƙashin wani mai shirya wasanni ɗan asalin New Zealand mai suna Johnnie Hoskins. Cikin ƴan shekaru abin ya bazu a biranen Ostareliya, sannan ya tsallaka teku. A watan Fabrairun 1928 aka yi taron High Beech a kusa da Landan, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin wasan a Ingila.

A wannan shekara ta 1928 aka fara shirya tseren a filin wasa na Bathurst. Wilkinson a lokacin yaron mahauci ne, kuma yana buga wasan rugbi, inda ake ganin zai yi nisa. Da ya ga babura suna zamiya a kwana, sai ya watsar da rugbi, ya tattara ɗan abin da ya ajiye ya sayi wani tsohon babur ƙirar Rudge. Babur ɗin ya riga ya gaji, don haka bai yi wani abin a zo a gani da shi ba.

Abin da ya canza rayuwarsa shi ne zuwan wani fitaccen ɗan tsere daga birnin Sidni mai suna Lionel Van Praag. Da Van Praag ya zo Bathurst, sai ya ara wa yaron ɗaya daga cikin baburansa na ajiya. Suka fita karo su biyu, yaron mahauci ya kayar da mai babur da babur ɗinsa. Daga ranar mutane suka gane cewa ba gwaninta ce ta yi masa ƙaranci ba, abin hawa ne. Wannan Van Praag ɗin shi ne wanda zai tsaya a gabansa a Wembley shekara takwas bayan haka.

A 1929, yana da shekara 17, Wilkinson ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, tafiyar makonni. A can kuɗin wasan suke, a can ne kuma aka kafa gasar ƙungiyoyi ta mako-mako da ke tara dubban ƴan kallo.

Shekarunsa a West Ham

Ƙungiyar da sunansa ya haɗu da ita a Ingila ita ce West Ham, a gabashin Landan. Ba ƙungiyar ƙwallon ƙafar da aka sani ba ce, duk da cewa sunansu ɗaya. Ta sipidwe tana da nata filin a unguwar Custom House, kusa da tashar jiragen ruwa, inda mafi yawan mazauna ƴan dako ne da ma'aikatan masana'antu. Hanyar tseren West Ham na cikin mafi girma a ƙasar, irin wadda ke ba mai gudu damar sakin babur.

Bai yi fice nan take ba. Shekarunsa na farko na koyo ne da faɗuwa da tashi. Sai a farkon shekarun 1930 ya fara shiga sahun manya, har ya zama wanda ƙungiyar ke dogaro da shi wajen tara maki. Ya yi wasa tare da irin su Tiger Stevenson da Tommy Croombs da Arthur Atkinson, kuma daga baya Johnnie Hoskins, wannan na West Maitland, shi ya zama mai tafiyar da ƙungiyar.

Ƴan tseren Ostareliya na wancan lokaci ba su da hutu. Kakar wasa a Ingila tana farawa ne wajejen watan Afrilu ta ƙare a Oktoba. Lokacin da sanyi ya rufe Turai, a Ostareliya zafi ake yi, don haka sai su shiga jirgi su koma gida su ci gaba da tsere, kafin su sake juyowa. A irin wannan kai da komo Wilkinson ya ci gasar zakaran Ostareliya a 1935.

Sana'a ce mai kuɗi, amma mai cin rai. Babu birki, shingen da ke kewaye da hanyar kuma na katako ne ko waya. A ƙarshen watan Agustan 1935, Tom Farndon, wanda ake gani a matsayin ɗaya daga cikin gwanayen Ingila na lokacin, ya yi karo a filin New Cross da ke Landan ya mutu sakamakon raunin da ya ji. Duk wanda ya jeru a bayan igiya a wancan zamani ya san da wannan.

Kafin 1936, babbar gasar mutum ɗaya a Ingila ita ce wadda jaridar The Star ke ɗaukar nauyi, tun daga 1929 zuwa 1935. Da aka ga wasan ya samu ƴan tsere daga ƙasashe da dama, sai aka maye gurbinta da gasar zakaran duniya, aka sa ranar kammala ta a Wembley.

Daren da maki 15 ba su isa ba

Masu shirya sabuwar gasar sun fuskanci wata tambaya. Shin ya dace a bar kambun duniya ya rataya a kan dare ɗaya, alhali injin mutum zai iya mutuwa, ko taya ta fashe, ko wani ya kayar da shi? Amsar da suka bayar ita ce a'a. Sai suka tsara cewa za a yi zagayen share fage a filaye daban-daban a cikin kakar, kuma abin da kowa ya yi a can za a mayar da shi wasu maki da zai zo da su Wembley. Waɗannan maki tamkar guzuri ne. Za a haɗa su da abin da mutum ya samu a daren ƙarshe, jimillar ita ce sakamako.

Eric Langton na ƙungiyar Belle Vue da ke Manchester, wanda ya taɓa cin gasar The Star a 1932, shi ne ya zo da guzuri mafi yawa, maki 13. Lionel Van Praag, wanda a lokacin yake wasa a ƙungiyar Wembley, ke nan a filinsa na gida ake gasar, ya zo da 12. Wilkinson ya zo da 10. Tun kafin a tayar da inji ko ɗaya, Langton ya ba shi ratar maki uku, Van Praag ya ba shi biyu.

Wilkinson ya yi duk abin da ɗan tsere zai iya yi. Ya ci karonsa biyar, ya tara 15, jimillarsa ta zama 25. Amma lissafin ba a hannunsa yake ba. Domin ya cim ma mutanen biyu, sai an samu wasu su ma sun kayar da su, kuma babu wanda ya iya. Van Praag bai sha kaye a hannun kowa ba sai Wilkinson, ya tara 14, jimilla 26. Langton ya sha kaye a hannun Wilkinson da Van Praag kawai, ya tara 13, shi ma jimilla 26.

Sai aka kira mutanen biyu karon raba gardama, shi kuma wanda ya kayar da su duka yana gefe yana kallo. A tashin farko Langton ya yi gaggawa ya tsinke igiyoyi, laifin da zai iya sa a fitar da shi. Van Praag ya ƙi karɓar kambu ta wannan hanya, ya nemi a sake. Da aka sake, Langton ne ya shiga gaba, ya riƙe har kwanar ƙarshe, inda Van Praag ya kutsa ya wuce shi da tazarar da ba ta kai faɗin taya ba. Daga baya labari ya bazu cewa mutanen biyu sun yi yarjejeniya a asirce, wanda ya riga shiga kwanar farko a bar masa, su raba kuɗin kyauta, kuma Langton ya tafi da jin cewa an saɓa masa alkawari.

Haka Van Praag ya zama zakaran duniya na farko, Langton na biyu, Wilkinson na uku. Mutumin da ya ara masa babur a Bathurst shi ne ya ɗaga kofin, bayan ya sake shan kaye a hannunsa.

Za a iya kallon abin ta fuska biyu. Masu kare dokar suna da hujja, domin Langton da Van Praag ba kyauta aka ba su makinsu ba, a kan hanya suka same su, a makonnin da Wilkinson bai kai su ƙoƙari ba. Amma ɗan kallon da ya biya kuɗinsa ya shiga Wembley, ya cika takardarsa da hannunsa, ya ga mutum ɗaya ya doke kowa, da wuya a gamsar da shi cewa wani ne zakara. Abin da ido ya gani daban, abin da takardar alƙalai ta nuna daban.

Shekarar 1938

A 1937 Wilkinson ba ya cikin waɗanda suka fafata a daren ƙarshe a Wembley. A wannan shekara Amurkawa uku daga jihar Kalifoniya suka kwashe komai: Jack Milne na ɗaya, Wilbur Lamoreaux na biyu, Cordy Milne, ƙanen Jack, na uku. Abin da ya sanyaya wa Wilkinson zuciya shi ne West Ham ta ci gasar ƙungiyoyi ta ƙasa a shekarar.

Da ya koma gida a ƙarshen 1937, sai ya nuna wani abu da har yanzu ake ambata. Ostareliya ta karɓi baƙuncin Ingila a wasanni biyar na ƙasa da ƙasa. A irin waɗannan wasanni ɗan tsere na fita sau shida, ke nan iyakar makinsa 18. Wilkinson ya tara 18 a wasa na farko, ya maimaita a na biyu, haka har na biyar. Karo 30 ke nan, babu Bature ɗan Ingila ko ɗaya da ya riga shi isa layi. A 1938 kuma ya sake cin kambun Ostareliya.

Da wannan ƙarfi ya dawo Ingila. A wannan karo bai yi sake da zagayen share fage ba. Ya isa daren ƙarshe da guzurin maki 8, yayin da Jack Milne mai riƙe da kambu da Lamoreaux da Van Praag kowannensu ke da 7.

Sai ga shi ana jajibirin ranar, a wani taron tsere, ya faɗi ya ji mummunan rauni a kafaɗa. A sipidwe kafaɗa da hannu su ne ke riƙe babur a kwana, lokacin da tayar baya ke neman juyawa da mutum. Mai irin wannan rauni kwanciya ta kamace shi. Wilkinson ya sa aka ɗaure kafaɗar tam, ya fito.

Ranar 1 ga watan Satumban 1938 ce, kuma mutane kimanin dubu 95 ne a Wembley. Ya ci karo na ɗaya, ya ci na biyu, na uku da na huɗu. Kafin karonsa na biyar, duk mai takarda a hannu ya san lissafin: yana da 12 a daren, da guzuri 8, jimilla 20. Iyakar abin da Milne zai iya kaiwa 21. Ke nan matsayi na biyu ya ishe shi. Bai yi kasadar neman na ɗaya da kafaɗa a ɗaure ba. Ya zo na biyu, ya ƙara maki 2, ya kammala da 22.

Jack Milne ya ƙare da 21, Lamoreaux da 20. Idan aka cire guzuri, Wilkinson da Milne kowannensu 14 ya tara a daren. Maki ɗaya da ya raba su ba a Wembley aka same shi ba, daga zagayen share fage ya fito. Da a ce makin dare kaɗai ake ƙirgawa, da Wilkinson ya zama zakara tun 1936 babu gardama, amma a 1938 da sai ya sake fita karon raba gardama da mai riƙe da kambu, shi kuma hannu ɗaya ne lafiyayye. Rabon da ya wuce shi ta wata ƙofa, ta nan ya dawo.

Ajali a kan titi

Bayan wannan nasara Wilkinson bai daɗe yana hawa ba. A 1939, yana da shekara 27 kuma yana riƙe da kambun duniya, ya ajiye tsere ya koma harkar shirya wasan a birnin Sheffield da ke arewacin Ingila. An sa ranar gasar duniya ta 1939 a farkon watan Satumba, amma kwanaki kaɗan kafin ranar yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, aka soke ta. Mafi yawan filayen tsere a Ingila suka rufe, shi kuma ya koma Ostareliya.

A ranar 27 ga watan Yulin 1940, yana tafe a kan babur a unguwar Bondi da ke birnin Sidni, ya goyo matarsa a baya. Wata babbar mota ta kauce wa wata ƙaramar mota, ta afka musu. Ƙashin kansa ya fashe, ya mutu kusan nan take. Matar ta tsira da ƙananan raunuka. Saura wata guda cif ya cika shekara 29.

Mutumin da ya shafe fiye da shekara goma yana gudu a kan babur marar birki, kafaɗa da kafaɗa da wasu uku a kwana, a kan titin gari ajalinsa ya same shi. Tun da ba a sake yin gasar ba saboda yaƙi, ya mutu shi ne zakaran duniya, kuma babu wanda ya gaje shi sai bayan shekara tara.

Gardamar da bai kashe ba

Da aka dawo da gasar a 1949, an watsar da makin guzuri. Zagayen share fage ya zama hanyar samun gurbi kawai, kowa ya iso daren ƙarshe da sifiri. Tommy Price na Ingila ya tara 15 a wannan shekara, irin abin da Wilkinson ya yi a 1936, kuma shi an ba shi kambu. A kan wannan tsari aka tafi har 1994, kuma a cikinsa ne Ivan Mauger na New Zealand ya ci kambu shida.

Amma shi ma wannan tsari ya sha suka, irin sukar da masu dokar 1936 suka hango. Mutum zai fi kowa a duk tsawon shekara, inji ya ba shi kunya a karo ɗaya, shi ke nan ya rasa. Saboda haka a 1995 aka koma tsarin Grand Prix, inda ake yin tarurruka da dama a ƙasashe daban-daban a tara maki har ƙarshen kaka. Hans Nielsen na Denmak ne ya fara ci. A shekarar 2000 kuma Mark Loram na Ingila ya zama zakaran duniya ba tare da ya ci taro ko ɗaya ba a kakar, sai don bai taɓa yin nisa da sahun gaba ba. Ko a 2020 an sake taɓa yadda ake raba makin. Tambayar dai ita ce ta daren Wembley: wanda ya fi kowa a rana guda ne zakara, ko wanda ya fi kowa juriya a tsawon kaka? Wilkinson ya ɗanɗani ɓangarorin biyu, ɗaya a 1936, ɗaya a 1938.

Bayansa Ostareliya ta sake fitar da zakarun duniya. Jack Young ya ci a 1951 da 1952, kuma a karo na biyu a West Ham yake wasa. Jason Crump ya ci sau uku, a 2004 da 2006 da 2009, sai Chris Holder a 2012 da Jason Doyle a 2017.

Filin Custom House kuwa an rufe shi a 1972, aka rushe shi aka gina gidaje a wurin. Da aka zo sa wa sabbin titunan suna, sai aka ɗauko sunayen mutanen da suka yi tashe a filin. Akwai titin Croombs, akwai na Atkinson, akwai na Young, akwai na Hoskins. A cikinsu akwai titin Wilkinson.